Ƙanena ba shi da kabari

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin in yarda in rubuta shi. Ba zan kira sunan kowa ba, waɗanda suka san gidanmu za su gane, waɗanda ba su sani ba kuma abin da ya faru ya ishe su.

A unguwar Birni ta Damagaram aka yanke cibiyata, cikin duwatsun nan da muke hawa muna yara. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san darajar ruwa. Mun girma muna bin layi a bakin famfo da asuba, kowa da bidonsa mai ruwan ɗorawa, wani lokaci rana ta take ba a samu ko ɗigo ba. Har na yi gemu, ruwa mafi yawa da idona ya taɓa gani shi ne tafkin Gidimuni, ran da na raka kawuna sayen rake. Teku kuwa sai a bakin malamin makaranta.

Mu biyar Inna ta haifa. Ni ne ɗan fari, mata uku a tsakiya, sai auta namiji, na ba shi shekara tara. Kun san kunyar ɗan fari. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, in za ta aike ni sai ta ce wa ƙannena “ku ce wa wancan”. Auta kuwa shi ne abokin hirarta, shi ke cin ƙanzon tukunyarta. Ban taɓa jin haushin haka ba, don ni ma na goye shi a bayana. Yaro ne mai son ruwa. Da damina in tafkunan gari sun cika, can za ka same shi, ya iya iyo kamar kifi, Inna ta yi dukan har ta gaji. Ni ko gwiwata ba na bari ruwa ya kai.

Bayan rasuwar mahaifinmu gidan ya dawo kaina. Daminar 2011 ba ta yi kyau ba, hatsi ya yi tsada, turin kurar da nake yi a Kasuwar Dole bai iya ci da mu. A farkon 2012 na kama hanyar da dubban ƴan jiharmu suka bi kafin ni: Tanut, Agadas, sai ayarin ranar Litinin, an loda mu a bayan Hilux kowa ya maƙale sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo. Dirku, Gatrun, Sabha, daga ƙarshe Tarabulus, babban birnin Libiya. Na samu aikin lebura a wajen gini. Shekara biyun farko alhamdu lillahi, na rufa wa gida asiri, na aurar da ƙannena mata biyu, na gyara wa Inna ɗakinta da ke yoyo.

Wannan rufin asirin ne ya ja auta. Ya yi aure a farkon 2015, wata shida bayan haka ya iske ni, ya baro amaryarsa da ƙaramin ciki. Na yi faɗa a waya kafin ya taso, amma faɗan da bai kai zuci ba, don a ƙasan raina ina murna zan samu ɗan'uwa kusa da ni. Sai dai Libiyar da ya tarar ba wadda na tarar ba ce. Tun yaƙin 2014 gari ya lalace. Dinari ya faɗi a kasuwar bayan fage, abin da kake aikawa gida ya zama jika kaɗan. Bankuna ba kuɗi, mai aiki ya ce ka dawo gobe, gobe ta zama wata uku. Baƙar fata kuma ya zama abin farauta, a tare ka a hanya a rufe ka, a kira ƴan'uwanka su biya. Sau ɗaya aka kama auta, abin da muka tara na wata bakwai ya tafi wajen fanso shi. Komawa gida ta Sabha akwai haɗari, ga kunyar komawa hannu rabbana, shi da aka haifa wa ƴa mace bai ko gan ta ba.

Ni na fara kawo maganar tsallakawa Italiya. Ina so wannan ya fito sarai, domin shekaru na yi ina gaya wa kaina shawararmu ce mu biyu. Ni na kawo ta, shi kuma bai taɓa yi mini musu ba tun yana yaro. Ya ce, “Yaya, duk abin da ka gani.”

Kuma ba rashin sani ba ne. Kullum da dare muna sauraron sashen Hausa na rediyo a waya. Na ji labarin jirgin da ya taso daga Misrata a watan Oktoba na 2013, injinsa ya mutu ana hangen tsibirin Lamfedusa na Italiya, wani ya kunna wa bargo wuta don a gan su, wutar ta kama mai, mutane suka ruga gefe guda jirgin ya kife, sama da mutum 360 suka mutu. A cikin watan nan ne kuma aka tsinci gawa 92 a sahara arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara ƴan wajen Kance masu zuwa Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. Na tuna mun ce, ga wasu ruwa ya yi musu yawa, ga namu sun rasa na jiƙa maƙogwaro. Na ji na watan Afrilu na 2015, jirgin masunta da aka cika maƙil, babban jirgin dakon kaya ya zo cetonsu cikin dare, suka yi karo da shi suka nutse, mutum 28 kaɗai suka tsira cikin sama da 800, da yawa an kulle su a ƙasan jirgin. Ƴan watanni kafin mu tashi ma sojojin ruwan Italiya suka ciro gangar jirgin daga ƙasan teku da gawarwaki a ciki. Duk na sani. Abin da na riƙa faɗa shi ne ajali ba ya wuce lokacinsa. Gaskiya ce, amma na ɗauke ta na toshe kunnena da ita.

Bayan Babbar Salla ta 2016 muka biya dinari 1,200 kowannenmu, aka kai mu wani gida kusa da Sabrata a bakin teku, wanda suke kira kamfo. Kwana goma sha tara muka yi a rufe muna jiran teku ta kwanta. A nan na san wani dattijo ɗan Sanagal, mutumin Kazamans, muna magana da guntun Faransanci. Shi ya ba mu labarin Joola, jirgin gwamnatinsu da ke jigila tsakanin Zigincor da Dakar, wanda ya kife daura da gaɓar Gambiya ranar 26 ga Satumba 2002. An ƙera shi don mutanen da ba su kai 600 ba, aka loda masa ninkin-ba-ninkin, mutum 1,863 suka halaka a ƙidayar hukuma, 64 suka fita. Ƙanwarsa tana ciki, ba a ga gawarta ba. Ya ce wancan fa jirgin ƙarfe ne mai kyaftin da ma'aikata, cikin ƴan mintuna ya juya cikinsa sama. Auta ya tambaye shi, “To Baba, me ya kawo ka nan?” Dattijon ya buɗe tafin hannunsa biyu ya nuna mana, bai ce komai ba.

Da tsakar dare aka fito da mu, an hana mu takalmi da ɗamara da duk wani abu mai tsini. Da na ga jirgin gabana ya faɗi. Roba ce aka hura, tsawonta bai fi taku goma sha biyu ba, an shimfiɗa katako a ƙasa an ɗaure da ƙusoshi masu kai sama, ƙaramin inji a baya. Mun haura ɗari da ashirin. Maza a gefe, ƙafa ɗaya ciki ɗaya a ruwa, mata da yara a tsakiya. Wanda aka ba tuƙi ɗan ci-rani ne irinmu, an yafe masa kuɗin tafiya, aka miƙa masa kamfas da waya. Akwai masu bindiga a bayanmu, ba wanda ya isa ya ce ya fasa. Suka nuna mana wani haske can nesa suka ce Italiya ke nan. Daga baya na san wutar rijiyoyin mai ce na cikin teku, Lamfedusa kuwa tana nesa da kusan kilomita 300.

Awowin farko ba a jin komai sai inji da addu'a, kowa da harshensa. Ni amai nake ta yi, auta yana riƙe da wuyan rigata. Gab da asuba iska ta tashi. Igiyar ruwa ta riƙa ɗaga gaban jirgin tana maka shi, katakon ƙasa ya fara ƙara, ruwa yana shigowa. Bidunan mai suka kife, man ya gauraya da ruwan gishiri. Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba: da farko ɗumi za ka ji, kamar an zuba maka ruwan wanka, ashe fata ce ke ci. Matan da ke tsakiya suka fara ihu, suna miƙewa, na gefe suna cewa a zauna. Sai katakon ya karye a tsakiya, ƙusa ta huda robar ta ɓangarenmu, na ji iskar tana fita ƙarƙashin cinyata.

Ban san yadda na faɗa ba. Na ga duhu, na sha ruwa, na taso, na sake nutsewa. Hannu ya kamo ni ta baya, na ji muryarsa a kunnena, “Yaya, riƙe wannan, kada ka saki.” Bidon mai ne da babu kome ciki, ya tura mini shi a ƙirji, ya naɗa hannuna a mariƙin. Ya juya zai nemo wani abin da shi zai riƙe. Gari ya fara wayewa, ina ganinsa sarai, bai fi taku biyar da ni ba. Mutum biyu da ba su iya ruwa ba suka kama shi, ɗaya a wuya ɗaya a kafaɗa. Ba na ganin laifinsu, mai nutsewa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya taso sau ɗaya, bakinsa a buɗe. Na uku ya zo ya kama su. Ban saki bidon ba. Na yi ta kiran sunansa har muryata ta mutu, amma ban saki bidon ba.

Rana ta yi sama sosai kafin masunta su zo. Ba mu kai rabi ba waɗanda aka tsamo. Dattijon Kazamans ba ya cikinmu. A wannan shekarar kaɗai sama da mutum 5,000 aka ƙidaya sun mutu ko sun ɓace a Bahar Rum, namu jirgin ban taɓa jin an ambace shi a rediyo ba.

Aka mayar da mu Libiya aka rufe mu a kaso. Ba zan tsaya kan wannan ba, wata biyar ne na yunwa da ƙwarƙwata da ƙafafu masu ruwa. A wata na biyu wani ya ara mini waya minti biyu. Na kira ƙanwata, ta fashe da kuka, sai na ji an karɓi wayar. Inna ce. Ba ta tambayi lafiyata ba, kunya ba ta bar ta ba, ta ce, “Ina auta?” Na buɗe baki in faɗa, abin da ya fito shi ne, “Ya haye, Inna. Yana Italiya, an ajiye su a sansani, ba a ba su waya.” Na ji ta tana hamdala. Wallahi ban shirya wannan ƙaryar ba, amma da ta fito sai na ji sanyi, kamar na dawo da shi duniya.

A farkon 2017 hukumar OIM mai kula da ƴan ci-rani ta sa mu a jirgin sama zuwa Yamai, na hau mota na iso Damagaram da leda ɗaya. Aka yi ta zuwa barka da arziki. Kowa ya gaishe ni sai ya ce, ya labarin na Turai? Matarsa ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye mini yarinyar a cinya, goshinta da girarta sak na ubanta. Ta ce, “Yaya, bai ba ka ko saƙo ba?” Na ce ya ce a gaishe ki, ki yi haƙuri.

Ƙarya tana son ciyarwa. Na samu mashin na wani ina kabu-kabu, duk wata biyu ko uku sai in tara jika ashirin in kai wa Inna in ce auta ya aiko ta hannun wani. Takan raba biyu ta ba matarsa rabi, ta riƙe kuɗin tana shafawa kafin ta ƙulle a bakin zane. Da dare ba na barci. Ba na iya wanka da bokiti cike, sai in ɗiba kaɗan-kaɗan. Ga bidon nan mai ruwan ɗorawa a kowane lungu na garin, a tsakar gidanmu ma akwai shida, in na ji an ƙwanƙwasa wanda ba kome ciki sai jikina ya ɗau rawa. Na bar zuwa fada shan shayi, don kada a tambaye ni. Na riƙa gaya wa kaina don Inna nake yi, tana da hawan jini, labarin zai kashe ta. Akwai gaskiya kaɗan a ciki. Mafi yawansa tsoro ne, kada ta dube ni ta ce ni na kai shi, kuma shi ya ba ni abin da zai tsira da shi.

Da aka shekara ba a ji muryarsa ba, magana ta fara yawo a unguwa. Wasu suka ce ya auri Baturiya. Wasu suka ce ya bar salla. Surukinsa ya aiko, in yaron nan ba ya bukatar ƴarsa ya aiko mata da takardarta. Yarinyar nan ta rame, ta daina zuwa biki don habaicin mata. Duk ina gani, na yi shiru.

Abin da ya karya ni ya faru ana saura kwana kaɗan azumin 2018. Ina kwance a zaure, na ji Inna tana magana da ƙanwata a tsakar gida. Ta ce ita ba kuɗinsa take so ba, duk sansanin da yake ai ba a rasa waya shekara ɗaya da rabi. Muryarta ta canja, ta ce, “In dai ya manta da nonon da ya sha...” Ƙanwata ta yi maza ta ce, “Inna, don Allah kada ki ƙarasa.” Na tashi zaune gumi yana keto mini. Yaron da ya ba da ransa saboda ni, ga shi na kai shi gab da bakin uwa.

A daren na tafi wajen malamin da ya karantar da mu allo, tsoho ne sosai. Na faɗa masa duka, karo na farko da na faɗa wa wani mahaluƙi. Ya bar ni na yi kukana. Sannan ya ce, “Ɗana, ka san abin da ka ɗora wa yarinyar nan?” Ya bayyana mini cewa a mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace, in ta kai ƙara gaban alƙali, shekara huɗu ake yanka mata ta jira, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Ya ce wannan hukuncin na wanda ba a san halinsa ba ne, ni kuwa na gani da idona na ɓoye shaida, na bar ta ba ta ga aure ba ta ga zawarci, na bar marainiya ba a san marainiya ce ba, na hana mamaci addu'ar uwarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ƙara da cewa ya tabbata a hadisi wanda ya mutu ta hanyar nutsewa shahidi ne, in riƙe wannan in shiga da shi wajen Inna.

Da safe ya raka ni, da kawuna. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗa, tun daga kamfo har bidon. Ban rage komai ba, har da cewa ni na kawo shawarar, har da kuɗin da nake cewa shi ya aiko. Ta daɗe ba ta motsa ba. Ta yi salati, ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un sau uku. Sai ta kira sunana. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ta ce, “Kai kaɗai ka ɗauki wannan duk tsawon lokacin nan?” Daga nan ta juya fuskarta ga bango tana cewa, “Na yafe maka auta, na yafe maka, ban sani ba.”

Ba a nan abin ya ƙare ba. Matarsa ta suma, da ta farfaɗo ta tattara kayanta ta koma gidansu, kusan shekara biyu ba ta amsa gaisuwata, kuma tana da gaskiya. Ɗaya daga cikin ƙannena mata har yau akwai ɗan tabo tsakaninmu. Aka yi zaman makoki ba gawa. Wasu samari suka ce a yi masa sallar ga'ib, malam ya ce a mazhabarmu ba a yi, aka yi saukar Alƙur'ani da sadaka. Na nemo wani ɗan Matamai da muke jirgi ɗaya, wanda shi ma ya ga abin da na gani, muka je gaban alƙali muka ba da shaida, aka tabbatar da mutuwar. Daga baya matarsa ta yi aure, tana da yara biyu yanzu. Ranar ɗaurin auren ni na tsaya a bakin ƙofa ina raba goro.

Inna ta rayu shekara huɗu bayan haka. Hawan jinin da nake fakewa da shi bai kashe ta ran nan ba. Kullum bayan sallar asuba ina jin ta daga zaure tana yi masa addu'a da sunansa, kuma a shekarun nan ne ta fara zama hira da ni, tana tambayata abin da yake ci a can, ko yana azumi, ko yana zancen ƴarsa.

Na koma zuwa fada. Tun da aka soke dokar hana safarar ƴan ci-rani a ƙarshen 2023 motocin Agadas sun dawo fili, samari kan zo su tambaye ni hanya da farashi. Ba na yi musu wa'azi, na san yunwar da ke korar su. Ina naɗe wandona in nuna musu ƙafafuna inda mai ya cinye, in faɗa musu yadda katako ke karyewa, da cewa hasken da za a nuna musu ba Italiya ba ne. Wasu sun fasa, wasu sun tafi. Wanda ya ƙudura sai ya tafi, nakan roƙe shi abu biyu: kada ya ja ƙanensa, kuma ya bar lambar gidansu a hannun wanda zai iya faɗin gaskiya.

Ƴar ƙanena tana hannuna yanzu, tare da ƴaƴana take, tana makarantar boko da ta allo. Da sallar bara ta ga mun dawo daga ziyarar kabarin Inna, ta ce, “Baba, ina na babana yake?” Na buɗe taswira a waya na nuna mata Damagaram, na ja yatsa ta Agadas har Sabrata, na tsaya cikin shuɗin da ke gaba kaɗan. Ta daɗe tana kallo. Ta ce an gaya mata ya iya ruwa. Na ce ƙwarai, duk Birni ba wanda ya kai shi. Ta ce to me ya sa bai fito ba. Na zaunar da ita a kan tabarma, na ɗauko bido ɗaya daga tsakar gida na ajiye a gabanmu, na fara mata daga farko.